Akwatin Baba Ya Lalace

Kwanakin baya wani saurayi daga cikinku ya tsaya a ƙofar shagona da laftof a hammata, ya leƙa allon kwamfutata, ya ce, "Oga Habu, wai duk wannan furfurar a kan sauti kawai ka yi ta? Haba, ai wannan aikin weekend ne." Na ce masa Allah ya ba da sa'a. Ranar Litinin ya dawo idanunsa jajur, laftof ɗin da ya ɗauka tana magana ya dawo da ita ko tari ba ta yi. To tunda kun taru, ku kife wayoyin nan ku ji yadda sana'ar take.

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan guntun ƙarfe da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, shi ke mayar da lissafi ya zama murya. Cibiyar tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, wadda muke kira kanel, ba ta jin yaren wannan guntu, sai an sa musu tafinta a tsakani. Tafintan nan shi ake kira direba, ni kuma aikina in kula da tafintocin sauti, in gyara su idan sun fara yi wa mutane ƙarya. Tsarin namu na kyauta ne, kowa na iya buɗe cikinsa ya duba. Mutanen da ke rubuta shi suna warwatse a duniya, ba su taɓa ganin juna ba, amma kullum sai sun yi faɗa ta imel. Wani kamfani ne a waje yake biyana. Mahaifiyata a Zariya har ta koma ga Allah cewa take ɗanta gyaran rediyo yake yi a Suleja, ban taɓa gyara mata zancen ba.

Don kuwa daga rediyon na fara. A bakin titin Gauraka, wajen wani Oga Cuks mai gyaran lasifikan masallatai da na coci da na masu tuwo-tuwo, na yi koyo. Damina guda cur bai bar ni na taɓa sukundireba ba. Sai dai ya kunna lalataccen akwati ya ce in faɗa masa ciwonsa da kunne. Gurnani mai kauri, wayar ƙasa ce ta saki. Ƙaras-ƙaras kamar ana taka busasshen ganye, dalma ce ta tsage. Fito mai tsinka kunne kuwa, wannan ba laifin akwati ba ne, ladani ne yake son haɗiye makirfo. Idan na kuskure sai ya ja mini kunne ya ce, "Habu, dis your two ear, na to hold cap?" Wato wai kunnuwan nan nawa biyu na riƙe hula ne kawai. Na ji haushinsa a lokacin, amma duk abin da nake ci yau daga jan kunnen nan ya fito.

Kayan aikina ga su kuna gani. Tsofaffin laftof a jibge kamar bandar kifi, kowace da irin guntunta. Mita, ƙarfen narka dalma, da jaka guda ta iyafis, yawancinsu 'yan araha, don mai tsada yana rufa wa direba asiri, ɗan araha shi ke tona masa. Akwai kuma wani sauti guda da nake gwaji da shi, dogon fito marar hawa da sauka. Da na tare a gidan haya a Kwamba na yi ta kunna shi, sai da mai gidan ya zo da kansa ya tambaye ni cikin ladabi ko ina bukatar a kira mini mai ruƙiyya.

Wata Islamiyya a nan garin ta taɓa kawo mini kwamfutar da suke sa wa ɗalibai darasi da ita. Duk maganar da ta fito sai ta zo babu kai. A ce assalamu alaikum, sai ka ji "alaikum" kawai, kamar mai fushi. Na yi makonni ina bin sawun abin. Ashe don tattalin batir, guntun sautin barci yake yi da zarar an yi shiru, in an tashe shi kuma sai ya yi miƙa ya yi hamma, kafin ya wartsake an wuce sallama. Gyaran layi ɗaya ne. Irin wannan gyara faci muke ce masa, kamar na taya. Ka rubuta, ka aika wa babban mai riƙe da sashen sauti, wani Bature da nake kira Sarkin Sauti a bayan idonsa, shi kuma ya dawo maka da shi saboda ka bar fili inda bai kamata ba. Haka za ku yi ta yi har ya gaji ya karɓa.

Na ga baƙar shekara ma. Kamfanin da ke biyana ya ce ya rage hannu, tsawa ta faɗo a farkon damina ta cinye mini rabin kwamfutocin gwaji, sababbin da ke shigowa kasuwa kuma masu ƙera su sun ɓoye bayanin guntayensu kamar asirin gado. Na koma Gauraka ina gyaran lasifika da rana, in na dawo in aika faci kyauta don kada a manta da sunana. Wannan duk ya wuce. Aikin da nake so in ba ku labari, wanda ya fi kowanne ba ni wuya, ba daga waje ya zo ba. Daga gidan surukaina ya zo.

Surukina, Baba Alhaji Ɗanladi, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, gidansa na unguwar Magajiya. Kunnensa ya yi nauyi, in kana masa magana sai ka ɗaga murya kamar mai tallan gawayi, ni kuma ga surukuta, ba ni da bakin ɗaga masa murya. Babban ɗansa Auwalu, yayan matata Rabi, yana aiki a wani asibiti a ƙasar Larabawa, ya daɗe rabonsa da gida. Ni na ba Baba wata tsohuwar laftof don su riƙa ganawa, saboda ya ce fuskar waya ta yi masa ƙanƙanta. Duk Juma'a bayan la'asar Auwalu zai kira. Baba zai zauna a kan tabarma a barandar tsakar gida, ya cusa iyafis, ya ƙure ƙara, su yi ta hira.

Laftof ɗin nan tana da wani tsohon aibi da na sani. A ƙa'ida in ka soka iyafis, sifikar waje shiru take yi. Ita kuwa masu ƙera ta sun rubuta bayanin ramin iyafis ɗin ba daidai ba, direba bai san an soka komai ba, sai murya ta riƙa fita ta ko'ina. Baba na ji a kunne, tsakar gida ma na ji, har kajin gidan sun san albashin Auwalu ya makara. Abin ya tsaya mini a rai, a ce mai gyaran sauti guda kwamfutar surukinsa na tona asiri. Na aika Rabi ta ce masa in ya yarda zan gyara. Ta dawo ta ce, "Baba ya ce a bar masa abinsa, lafiyarsa ƙalau." Na ce tsufa ne, na bar shi.

Ana nan, wata Asabar Rabi ta dawo daga gida ta ajiye mayafi ta ce, "Baba ya ce akwatinsa ya lalace."

Na ce, "Me ya same shi?"

"Ya ce ya lalace."

"Ba ya kamawa ne? Ko ba ya jin Yaya Auwalu?"

"Malam, ni 'yar aike ce. Ya ce ya lalace, ya ce kai ne mai gyara."

Na hau keke-napep na tafi da jakata. Na durƙusa na gaida Baba, na gaida Hajiya, surukata, daga bakin ƙofar ɗakinta, ta amsa daga ciki kamar yadda ta saba. Na buɗe laftof. Sifika tana aiki. Na soka iyafis, yana aiki. Makirfo yana ji, kamara tana gani. Na kunna dogon fiton nan nawa har akuyar maƙwabta ta amsa. Na ma lura cewa tsohon aibin ya tafi, da na soka iyafis sifika ta yi tsit yadda littafi ya ce. Na san kwamfutar tana sabunta kanta, na ce a raina wani bawan Allah ya riga ni lada. Na matsa kusa da Baba na ce, "Baba, lafiyarsa ƙalau. Har ya fi da."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To. Madalla. Allah ya yi albarka."

Sati ya zagayo, Rabi ta sake dawowa da saƙo iri ɗaya. Wannan karon har da ƙari. Ta ce Hajiya ba ta jin daɗi, ta rage cin abinci, ta kori mai kawo mata itace a kan abin da bai kai ya kawo ba, ita kanta Rabi ta sha faɗa a kan ɗaurin ɗankwali. Ban haɗa wannan da wancan ba, ina ruwan direban sauti da ɗaurin ɗankwali? Na koma na sake gwada komai, na canza wa Baba iyafis, na hura ramin, na goge allo don dai a ga na yi wani abu. Baba ya sake sa mini albarka, irin albarkar da ake sa wa yaron da ya zubar da miya.

A sana'ar nan akwai maganar da muke yi wa duk mai kawo ƙara: faɗa mini yadda zan sa matsalar ta faru a gabana. In ba ta faru a gabanka ba, ba ka da abin gyarawa, sai dai ka yi ta harbin iska. Sai na tuna ni duk zuwan da nake yi ranar Asabar nake yi, akwatin kuwa ranar Juma'a yake aiki. Juma'ar da ta biyo baya, daga masallaci na wuce Magajiya, na ce na zo gaisuwa, na samu gefen baranda na rakuɓe.

Bayan la'asar kira ya shigo. Baba ya cusa iyafis, fuskar Auwalu ta fito. Sai ga Hajiya ta fito daga ɗaki da faifan shinkafa, ta zauna a kan 'yar kujerarta a bakin ƙofa, ta ba laftof ɗin baya. A nan na tuna, duk Juma'ar da na taɓa zuwa gidan nan a wannan lokaci, a wurin nan na same ta, da faifan nan, tana tsintar shinkafar da ko a wajen biki ba a tsince ta haka.

Baba ya ce, "Auwalu! Kana lafiya?" Bakin Auwalu ya motsa a allo. Tsakar gida shiru. Baba ya miƙa tafin hannunsa ya ɗora a gefen laftof ɗin, daidai kan 'yan ramukan sifika, ya bar shi a nan. Ya ɗan jira. Ya ɗauke hannun, ya saci kallon bayan Hajiya, sannan ya dube ni. Ita kuwa hannunta na cikin shinkafa, ko ƙwaya ɗaya ba ta ɗauka ba. Can ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule.

Sai a nan na gane. Auwalu ɗan fari ne. Hajiya irin matan da ce, tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan" ko "yaron nan". Ba ta tambayar lafiyarsa, ba ta karɓar waya in ya kira, in ana zancensa sai ta sami abin yi a madafa. Shekarun nan duka, da lalataccen direban nan take jin muryar ɗanta, ba tare da ta roƙi kowa ba, ba tare da kowa ya ce ta ji ba. Baba kuma da kunnensa ba ya gaya masa ko sifika na aiki, hannu yake ɗorawa ya ji tana rawa, ya san saƙo na isa inda ya aika shi. Yanzu an yi musu gyaran gangar Abzinawa. Ita ba za ta ce a mayar ba, don faɗin haka amsa laifi ne. Shi ba zai faɗa wa suruki dalili ba, don tona mata asiri ne. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya ce akwati ya lalace, ya bar ni da kunnuwana biyu da hulata.

Na ce Baba ya ara mini akwatin. Na kai shi shago na shiga neman wanda ya yi mana wannan alheri. Tsakanin tsohon kanel da sabo akwai faci dubbai, ba ka bin su ɗaya-ɗaya. Raba su kake yi biyu, ka gwada tsakiya, ka ga ta wane ɓangare abin yake, ka sake rabawa, kamar mai faci yana tsoma tiyub a ruwa yana neman inda ke kumfa. Kowane gwaji sai ka sake gina kanel, ga wuta ana ɗaukewa, ga janareta na shan mai kamar ba gobe. Daga ƙarshe na kama shi. Wani matashin injiniya ne a wata ƙasa mai sanyi, facinsa tsaf, ba abin kushewa, ni kaina da an kawo mini da na sa hannu.

Mayar wa Baba tsohon kanel abu ne mai sauƙi, amma ba ya ɗorewa, wata sabuntawar za ta zo ta share. Ba kuma zan ce a cire facin yaron ba, mutane da yawa a duniya suna jiransa, ba kowa ke son a ji abin da yake saurare a ofis ba. Sai na rubuta nawa facin, ɗan makunni da mai kwamfuta zai iya cewa a bar sifika tana magana ko da an soka iyafis. Na aika, na dogara da babbar dokar gidanmu, wadda ko Sarkin Sauti ba ya tsallake ta: abin da yake yi wa mutum aiki jiya, ba ka da ikon kashe masa shi yau, ko da kuwa kuskure ne yake masa aikin.

Nan fa aka ce in kawo hujja. Wa ke bukatar wannan? Ku zo ku ga Habu yana fassara kunyar ɗan fari da Turanci. Na rubuta na goge har na gaji. Na ce akwai dattijo mai nauyin kunne, akwai matarsa da take son ji. Wani ya ce a saya musu iyafis mai baki biyu. Na ce ba za ta sa ba. Wani ya ce ta zauna kusa da shi su raba, kunne ɗaya-ɗaya. Na yi dariya har na ƙware, na hango Hajiya kafaɗa da kafaɗa da Baba a tsakar gida kamar masu zance. Shi yaron mai facin, da zuciya ɗaya, ya ce, me zai hana ta faɗa kawai cewa tana son magana da ɗanta? Na ce masa a wajenmu akwai uwar da za ta iya ba ɗanta ƙodarta amma ba za ta iya kiran sunansa ba, kuma ni suruki ne, ba a aiko ni gyaran wannan ba. Kwana biyu suka wuce. Sai ga amsar Sarkin Sauti, gajeriya kamar kullum. Ya ce bai fahimci ko kalma ɗaya ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ko dai wani abu mai kama da haka a yarensu. Ya ce in gyara filin da na bari a layi na biyu in sake aikowa.

Ban jira facin ya zagayo ta hanyarsa ba, na ɗora shi da hannuna a akwatin Baba, na kunna makunnin, na mayar masa ranar Alhamis. Ya ce, "An gyara?" Na ce, "Na dai taɓa, Baba." Ranar Juma'a na sake zuwa gaisuwa.

Kira ya shigo. Baba ya cusa iyafis, ya ɗora tafin hannu a kan sifika. Hajiya ta fito da faifai, ta zauna, ta ba mu baya. Sai muryar Auwalu ta cika tsakar gida, har da amsa-kuwwa: "Baba, ina wuni? Ya jikin Hajiya? An ce mini kwana biyu ba ta cin abinci." Baba bai dube ni ba, bai dube ta ba. Ya ce da ƙarfi, "Tana nan ƙalau, rigima ce kawai irin tata." Na ga hannun Hajiya ya fara tafiya a cikin shinkafa, tana tsinta tana yarwa, tana tsinta tana yarwa, rabin abin da take yarwa shinkafa ce mai kyau, kaji suna ta godiya. Sun daɗe suna hira. Ba ta motsa daga kujerar nan ba sai da aka yi sallama.

Da ta tashi, ta karkaɗe zani, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta juyo ba, ta yi magana da labule kamar yadda take yi in saƙon nawa ne.

"A gaya wa mijin Rabi, akwatin nan dai har yanzu bai gyaru ba. Duk unguwa na jin maganar mutane. Ni ban san me Turawan suke biyansa a kai ba."

Baba ya zare iyafis ya ce, "Me ta ce?"

Na ɗaga murya a gaban surukina, karo na farko a rayuwata, na ce, "Ta ce na kasa, Baba!"

Ya rufe laftof ɗin a hankali, ya shafa bayanta, ya ce, "To ai ba komai ake iyawa ba. A bar shi haka."

Da daddare Rabi ta dawo gida da kwano a ɗaure cikin tsumma, dambun nama ne cike har baki, irin wanda Hajiya ba ta yi sai da Babbar Sallah. Na ce na wane ne? Ta ce Hajiya ta ce a kai wa wanda bai iya aikinsa ba.

Makunnin nan yana cikin kanel har yau, yana cikin kwamfutocin mutanen da ba su san akwai wani gari Suleja ba. Kai mai weekend, miƙo laftof ɗin taka. Kafin ka gaya mini abin da ta daina yi, fara gaya mini wa ke zaune kusa da ita in tana magana.